Wata Shidan da Na Faɗa wa Inna

Inna ta rasu ranar Talata da hantsi a gidana da ke unguwar Damba a Gusau, muka ɗauke ta zuwa garinmu Kucheri, aka rufe ta bayan la'asar kusa da kabarin Baba. Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida. Mutane sun zo daga Tsafe da 'Yankuzo, dangin Baba sun zo daga Bungudu, teloli abokan sana'ata sun cika mota guda daga Gusau. A cikin gida kuwa matan da suka yi shekaru suna sayen daddawarta su ne suka fi kowa kuka. Wata Bafulatana da ke kawo nono duk ranar kasuwa ta tsaya a bakin ɗakin Inna ta ƙi shiga, tana cewa a nan take ajiye ƙwaryarta ta sha ruwa kafin ta wuce, yanzu ba ta san ƙofar da za ta nufa ba.

Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sa mini albarka. A ce na yi jinya, a ce na yi ɗawainiya, a ce Allah ya ba ni masu yi mini. Kawu, ƙanin Inna, shi ne babba a wurin, kuma duk baƙon da ya tambayi yadda ciwon ya kasance, amsa ɗaya yake ba shi.

"Yayata ba ta da aibi sai taurin kai," in ji shi. "Yaron ga ya yi iya yin shi. Duk wata magani na zuwa daga Gusau, ta tara ta ƙi sha. Allah dai shi gafarta mata."

Sai jama'a su ce amin, ni ma in ce amin, kaina a ƙasa. Sun ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni ɗagowa. Akwai baƙin cikin, amma abin da ya danne mini wuya shi ne na san maganar Kawu ba gaskiya ba ce, kuma a duk wurin ni kaɗai na sani. Inna ba ta ƙi shan magani ba. Ni ne na yi mata ƙarya a kan tsawon lokacin da za ta sha shi. Ban yi karatu mai zurfi ba, rubutu ma ba aikina ba ne, amma ba zan bar mutane su riƙa tuna ta da laifin da nawa ne ba.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni Gwaggo, yayar Baba, ta goya ni zuwa Bungudu, a hannunta na girma, a can na yi firamare, daga can na tafi Gusau koyon ɗinki. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ina yaro tana ce mini yaron Bungudu, da na buɗe shago ta koma ce mini telan ga. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son ta gaya mini wani abu, sai ta gaya wa wanda ke kusa, yawanci autarmu, wadda ke aure nan cikin Kucheri. In babu kowa, sai ta gaya wa tukunya ko kaza.

Na tuna rigar farko da na ɗinka mata da hannuna. Na ajiye a gabanta ina jira in ji abin da za ta ce. Ta ɗaga, ta juya, ta duba ɗinkin ciki, sannan ta dubi wata kaza da ke tone-tone a gindin turmi ta ce wasu dai sun fara iya ɗinki, sai dai hannun ya yi tsawo kamar na liman. Ranar na koma Gusau raina a ɓace. Daga baya autarmu ta gaya mini rigar ce Inna ke sawa duk biki da suna, tana naɗe hannun, har sai da ta kode ta fara yagewa a kafaɗa. Ba ta yarda an rage hannun ba.

Ina yaro na ɗauka ba ta sona. Sai da na girma na lura cewa ban taɓa barin gidan nan ba face na tarar da ƙullin daddawa a cikin jakata, an naɗe da ganye, an cusa can ƙasa. Ban taɓa ganin lokacin da ake sawa ba. Ban taɓa yin godiya ba, don in na yi na kunyata ta.

Daddawa ce sana'arta tun kafin a haife ni. Ta dafa kalwa yini guda, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye ta bar ta ta kwana uku. Warin yana kai wa har zaure, mu ’ya’yanta ba ma jin sa, baƙi ne ke toshe hanci. A kan kwanakin nan uku ba ta da sassauci. Wani mai sari daga Tsafe ya taɓa zuwa ranar Laraba yana roƙo ta buɗe masa, motarsa na jira, ta ce ta gaya masa Alhamis. Ya ce ai kwana ɗaya ba komai ba ne. Ta ce in ba komai ba ne ya kwana ya gani. Ya tafi yana faɗa, ya yi wata biyu bai zo ba, ya dawo da kansa. Abin da takan ce ke nan kullum: in na ce Alhamis, Alhamis ce. Kuma yadda take riƙe tata maganar haka take riƙe ta mutane. In ka ba ta adadi, ta ɗauka ka auna kafin ka faɗa. Na san wannan halin nata sarai, kuma da shi na cuce ta.

Ciwon ya fara da ƙaiƙayi. Babu ƙurji, babu komai a fata, amma tana susa da totuwar masara har hannayenta suka yi zane-zane. Sai gajiya, macen da ke surfe ita kaɗai ta koma zama tana huci. Daga nan idanunta suka yi rawaya. Mutanen gari suka ce shawara ce, shawara kuma ba ta son asibiti, aka yi ta kawo mata jiƙe-jiƙe da sassaƙe, tana sha ba ta musu. Da autarmu ta ga abin ba ya ja baya sai ta kira ni a waya. Muka kawo ta asibiti a Gusau, autarmu ce ke shiga da ita wurin likita, ni ina waje. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka ce wani gwajin sai an aika da shi wani gari, mu dawo bayan makonni.

Ranar komawa autarmu ta haihu, tana wankan jego. Matata ta ce za ta raka mu, na ce ai karɓar sakamako ne kawai, ba sai an ɗauko kowa ba. Da aka kira mu, Inna ta zauna a kan benci ta juya fuskarta ga bango. Na gane. Ba za ta zauna ana maganar cikinta ɗan farinta na ji ba. Na shiga ni kaɗai.

Likitan dattijo ne mai furfura, Hausa ya yi mini tsantsa, babu abin da zan ce ban fahimta ba. Ya tambaye ni ko na taɓa gyara kaza. Na ce na taɓa. Ya ce to na san ’yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, maɗaciya, wadda in ta fashe naman ya ɓaci. Ya ɗauki biro ya zana mini. Ya ce hanta ce ke yin wannan ruwa mai ɗaci, kuma a cikinta akwai ƙananan hanyoyi da ruwan ke bi ya fita zuwa hanji. Na Inna suna lalacewa a hankali, ruwan yana taruwa yana cin hantar, yana shiga jini, shi ne ƙaiƙayin, shi ne rawayar ido. Ban da haka hoton ya nuna ’yan ƙananan tsakuwoyi a maɗaciyar.

Ya rubuta magani mai dogon suna, wanda masu kemis ke taƙaitawa su ce urso. Ya ce shi ma wani irin ruwan maɗaciya ne, amma mai sauƙi, yana maye gurbin mai zafin, yana taimaka wa ruwan ya gudana. Tsakuwoyin wataƙila su narke, wataƙila ba za su narke ba, in an yi wata shida in dawo da ita a sake hoto. Sannan ya ajiye biron ya dube ni. Ya ce hantar ita ce babbar magana. Maganin ba ya warkar da ita, riƙe ciwon yake yi kada ya ci gaba. Za ta sha shi kullum, ko ta ji sauƙi ko ba ta ji ba, har ƙarshen rayuwarta.

Ya ce in kira ta ta ji da kunnenta. Na ce ni ɗan fari ne, ba za ta shigo ina nan ba. Ya ce to ni in fita ita ta shigo. Na ce ta gaji, zan gaya mata komai in mun isa gida. Ya dubi layin mutanen da ke jira a ƙofa, ya dube ni, ya ce amana ce. Na ce na ɗauka.

A motar Kucheri muna zaune a baya, ita a jikin taga, ledar maganin a cinyarta. Mun wuce Tsafe da kaɗan ta dubi gilashin ta ce, "Ko wanga magani har yaushe ake shan shi?"

Na ce, "Wata shida, Inna."

Ta ce wa gilashin, "Shida. To, Allah shi nuna mana."

Na daɗe ina ba kaina uzuri a kan wannan amsa. Na ce motar cike take da mutane. Na ce ba a gaya wa tsoho ciwonsa ba ya warkewa, karya masa zuciya ne. Na ce ai likita ma ya ambaci wata shida. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma in zan faɗi abin da ke ƙasan zuciyata, so nake sau ɗaya a rayuwata in zama ni ne na kawo mata labari mai daɗi. Na ce a raina kafin watannin su cika zan san yadda zan gyara maganar.

Ta riƙi maganin yadda take riƙon kalwarta. Safe da yamma, bayan ta ci abinci, ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta samo wata ’yar gora, duk yammar da ta sha na ƙarshe sai ta jefa ƙwayar kalwa ɗaya a ciki, tana kuma duban tsayuwar wata. Da autarmu ta maimaita mata bayanin kaza yadda na ba ta, wai ta yi dariya har da tari. Ta ce ita da ta cire maɗaciyar kaji ba adadi ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba, ashe tata ce za ta fashe mata. A wata na uku idanunta suka fara washewa, susar ta ragu, ta koma kan turminta. Mutanen da suka ce shawara ba ta son asibiti suka yi shiru.

Ranar da wata shida suka cika ta soya waina ta aika masallaci sadaka, ta ce wa autarmu a gaya wa telan ga ta cika.

Lokacin ne ya kamata in maida ta a sake hoto. Ban maida ta ba. Na ce hanya ba lafiya, kuma gaskiya ne a lokacin mutane na tsoron hanyar. Na ce aikin salla ya yi mini yawa, shi ma gaskiya ne. Amma da hanyar ta lafa, sallar ta wuce, ban je ba, domin na san in ta shiga ɗakin nan likita zai gaya mata abin da na ɓoye. Sai na ɗauki hanyar ragwaye. Na ci gaba da sayen maganin da tsohuwar takardar, ina ba direba duk wata ya kai Kucheri, na ce wa autarmu ta gaya mata likita ya ƙara lokaci. Ita ma autar ban gaya mata gaskiya ba. Amsar da ta dawo mini ita ce, wai Inna ta ce a tambaye ni, likitan ya gan ta ne da ya ƙara?

Da kaka na je gida. Autarmu ta ja ni ɗakin Inna ta buɗe wata tsohuwar kwalla da ke ƙarƙashin gado. Kwalayen maganin ne a jere, ko ɗaya ba a ɓare ba. Tsoro ya kama ni, tsoron kuma ya fito mini a matsayin fushi. Na fito tsakar gida, tana shanya daddawa a kan tabarma, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce ana wahala ana aiko magani tana tarawa, na ce wannan taurin kai ne, na ce in ciwon ya dawo kada a kira ni.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da jera daddawarta, sannan ta ce wa autarmu, "Tambaye shi. Shida likita ya ce, ko ba shida ba?"

Autarmu ta dube ni. Ga ƙofa a buɗe, kalma uku kawai zan faɗa, ƙarya na yi. Amma matan maƙwabta sun leƙo, kuma na riga na yi ihu. Na ce, "Shida ya ce, amma..."

"To na sha shida," in ji ta, har yanzu da autarmu take magana. "Lafiyata lau. A kai ma masu ciwo."

Na fita ban ci tuwon da aka zuba mini ba. Kawu yana zaure, ya ji komai, ya bi ni har bakin hanya yana ba ni haƙuri, yana cewa haka take tun suna yara. Daga bakina ya ɗauki kalmar taurin kai, ita ce ya yi ta maimaitawa a zaman makoki. A mota na buɗe jakata neman waya, hannuna ya taɓa ƙullin ganye a can ƙasa.

Kusan shekara biyu aka yi a haka. Ina aikawa, tana jerawa a kwalla, ba ta zubar ba, ba ta ba kowa ba, wai abin da aka aiko daga Gusau ba a wulaƙanta shi. In na kira autarmu na tambayi jikin Inna, ta ce da sauƙi, ni kuma in yi hamdala in kashe waya da sauri kada ta ƙara wani abu. Ashe ƙaiƙayin ya dawo tun da daɗewa. Inna ce ta hana a gaya mini. Ta ce ɗawainiya ta yi wa telan ga yawa, kuma wancan maganin ta riga ta gama shi, wannan sabon ciwo ne, jiƙo zai yi masa. Sai da ƙafafunta suka kumbura, cikinta ya cika da ruwa har ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki faifai, sannan autarmu ta karya umarninta ta kira ni tana kuka.

Aka ba ta gado a asibitin. Da safe likitan nan mai furfura ya zo zagaye, fayil ɗinta a hannunsa. Autarmu na zaune a bakin gado, ni ina tsaye daga ƙafa, ban samu damar zamewa ba. Ya duba idanunta, ya danna cikin, ya tambaye ta yaushe rabonta da maganin. Ta ce ta sha wata shida ta gama. Ya juyo ya dube ni, ya sake duban fayil ɗin. Ya ce, ba da faɗa ba, ai ya gaya wa ɗanta maganin na har abada ne, ba a barin sa.

Autarmu ta juyo ta dube ni. Inna ta gyara mayafinta, ta dubi likitan.

"Ya faɗa mani, likita," in ji ta. "Ni ce ban ji ba. Tsufa ne da taurin kai."

Likitan ya rubuta abin da zai rubuta, ya wuce gado na gaba. Autarmu ta ɗauki maganar Inna a yadda ta ji ta, ta yarda, har tana yi mata ƙorafi a hankali. Na bi likitan waje na tambaye shi, da ba ta bari ba, da yanzu fa? Ya ce rai na Allah ne, ba zai rantse mini ba. Amma ya ga mutane da yawa masu irin ciwonta da suka riƙe maganin suka yi shekaru suna harkokinsu. Yanzu hantar ta yi tauri ta ƙanƙance, za a maida ta kan maganin, a ba ta na rage ruwa, sai dai abin da ya lalace ba ya dawowa. Bai ce mini komai a kan amanar ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Da aka sallame ta na kai ta gidana. Matata ta bar mata ɗakinta. Kwana biyu ina kewaya ƙofar, in gaishe ta daga waje, matata ta amsa mini a madadinta. A rana ta uku da safe matata ta tafi kai niƙa, yara suna makaranta, gidan ba kowa. Na durƙusa a bakin ƙofa. Tana kwance ta ba ni baya. Na ce, "Inna, ƙarya na yi miki a mota. Likita bai ce shida ba. Ni na ce." Na faɗi sauran duka, hoton da ban maida ta ba, ihun da na yi mata alhali na san ni ne mai laifi. Na roƙe ta gafara.

A ɗakin babu autarmu, babu kaza, babu tukunyar da za ta gaya wa. Sai ta juyo a hankali, ta dube ni da idanun nan masu rawaya, karo na farko da na san ta dube ni.

"Na ji tun a asibiti," in ji ta. "Tashi, ƙasa da sanyi."

Ban tashi ba. Ta ce tsoro ne ya kama ni, kuma ta san tsoro. Ta ce ita ma ranar karɓar sakamako ƙafafunta ƙalau suke, da ta shiga ɗakin likitan da kunya ba ta kashe ta ba, amma ta zauna tana kallon bango. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, kuma maganar ta tsaya a ɗakin nan. Sannan ta nuna kwalin da ke kan kujera ta ce in miƙo, lokacinsa ya yi. Na ɓare, na ba ta da ruwa. Ta haɗiye, ta miƙo mini kofin.

"Wanga karon har yaushe?"

Na ce, "Har ƙarshe, Inna."

Ta ce, "To, haka ake magana."

Ta sa autarmu ta kawo mata ’yar gorarta daga Kucheri, ta juye tsoffin ƙwayoyin a faifai, ta fara sabon jefawa. Ko ranar da ba ta iya cin komai sai kunu cokali biyu, sai ta tambayi maganin. Bayan wannan safiyar ta koma yadda take. In na shigo sai ta ce wa matata a gaya wa telan ga ya tafi shago, zama ba ya ɗinka riga. Ban sake samun wannan kallon ba, ban kuma nema ba. Ranar da ta rasu matata ta ba ni gorar. Ƙwaya ashirin da uku ne a ciki.

Ta ce maganar ta tsaya a ɗakin, kuma kwana uku na makoki na bi umarninta, ko kuwa in ce na ɓuya a bayansa. Amma ta rufa mini asiri ne da nata sunan, ni kuma na zauna a tabarma ana sa mini albarka ana kiran ta mai taurin kai. Na kasa ci gaba da haka. Na fara da autarmu. Ta yi kuka, ta yi mako biyu ba ta ɗaga wayata ba, kuma tana da gaskiya. Na je Bungudu na gaya wa Gwaggo, ta ce ita ta raine ni, ba ta koya mini ƙarya ba, sannan ta ce in je wurin Kawu tun ban sake jin tsoro ba.

Na same shi ranar Alhamis a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na faɗa masa tun daga motar har zuwa gadon asibiti. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye igiyar, ya goge idonsa da bakin riga, ya tambaye ni sau ɗaya ko da gaske ta ce wa likita ita ce ba ta ji ba. Na ce da kunnena na ji. Ya girgiza kai ya ce wannan kam yayarsa ce. Na ɗauka zai kore ni. Sai ya ce gobe Juma'a, a gaban mutane ya faɗi maganar taurin kai, a gaban mutane zai janye ta, kuma zan tsaya kusa da shi. Na tsaya. Bayan an sallame salla ya gaya wa waɗanda suka zauna makoki da mu cewa yayarsa ta sha magani daidai yadda aka gaya mata, ba ta rage kwana ɗaya ba, ya bar mini sauran in faɗa da bakina. Na faɗa. Wasu sun kawar da kai, wasu sun ba ni hannu. Babu wanda ya sake sa mini albarkar jinya, kuma haka ya fi mini.

Wanda duk ya raka tsohonsa asibiti, ya fita ya bar shi ya ji da kunnensa. Ni ban yi ba.

Gorar tana shagona, a kan katakon da ke saman keken ɗinki. Autarmu ta ɗauki sana'ar daddawar, ta fara ɗaga wayata, amma in na je Kucheri a hannu take ba ni ƙullin, har yanzu kuma in na shiga mota sai na laluba ƙasan jaka.

Ya Allah, baiwarka ce, ta riƙe maganar da aka ba ta, ta rufe laifin wanda ya cuce ta. Ka rufe nata, ka yalwata mata kabari, ka haɗa ta da Baba a inda babu ciwo. Ni kuma ka yafe mini kamar yadda ta yafe. Amin.